Kwana Goma Sha Takwas Ba Ruwa

Shamsiya Chaibou ba ta taɓa tsayawa a gindin itacen durian ba, amma itatuwa ɗari huɗu ne ba sa shan ruwa sai da izininta. Suna can ƙasar Thailand, a wata babbar gonar kasuwa, ita kuwa tana Faransa a gaban allon kwamfuta. Kamfanin da take wa aiki a Lyon ƙarami ne, mutum tara ne har da maigidan, Pascal. Sun binne na'urori a gindin itatuwan suna auna laimar ƙasa, sun sa wa bututun ruwa makullan da ake buɗewa daga nesa. Ta danna a nan, ruwa ya zubo a can. Ɗan itacen kansa sau ɗaya ta gamu da shi, a wani kantin 'yan Asiya a Paris, ga ƙaya kamar bushiya, ga wari da ya kore ta waje tana toshe hanci. Amma dai da shi take cin abinci.

Ba abinci kaɗai ba ma. Takardar zamanta ta ɗaliba ta ƙare tun da ta gama karatun ban ruwa. Abin da ya rage a jakarta récépissé ne, 'yar takardar wucin gadi ta wata uku, kuma ba za a ba ta ta ma'aikata ba sai Pascal ya sa hannu cewa ta ci gwajin aiki. An gargaɗe ta kada ta fita ƙasar. An kuma gargaɗe ta kada ta sauya adireshi, don takardunta na ofishin da ke kula da La Courneuve, a gefen Paris, inda gwaggonta Hajiya Sahadatou take zaune, in ta motsa sai su koma ƙarshen layi. Saboda haka Litinin zuwa Laraba tana Lyon a kan katifar wata ƙawa, Alhamis da Juma'a tana aiki a falon Gwaggo, hawa na tara. Akuyar da aka ɗaure ma ta fi ta tsawon igiya.

To, shi itacen durian yana da wani hali na rainin wayo. Babbansa mashayi ne, lita ɗari biyu a yini ba ta dame shi ba. Amma ba ya fure sai ya sha wuya. Da damina ta ɗauke, sai a yanke masa ruwa ƙaf, a bar shi har ganye ya yi laushi ya sunkuya, sannan a soma ba shi kaɗan-kaɗan. A gonar nan kwana goma sha takwas ake yi. In aka tausaya masa kafin lokaci, sai ya miƙe ƙafa ya fid da sabon ganye maimakon fure, shekara ta tafi a banza.

Shamsiya ta san wannan sarai, har jarrabawa ta ci a kai. Sai dai karatu daban, abin da aka tashi da shi daban. Ita 'yar Malam Chaibou ce, mai lambun albasa da mangwaro a Madaoua, mutumin da ba ya karya kumallo sai shukarsa ta sha. Da guga yake ja, rijiya gaba goma sha biyu. Yakan ce abin da ba ya iya buɗe baki ya roƙa, shi ake fara ba. A gidansu ko ruwan alwala ba a zubarwa sai a gindin wani abu mai rai.

Rana ta sha uku da yanke wa itatuwan ruwa ta faɗo Alhamis. Da hantsi ta buɗe kwamfutar a teburin cin abincin Gwaggo, ta tarar allon ya yi jawur, alamar ƙasa ta bushe. Ɓangaren da ya fi muni na tsofaffin itatuwa ne, guda sittin, waɗanda suka haura shekara arba'in. Prasit, dattijon da ke kula da gonar, ya aiko hoto kamar yadda ya saba: ganye sun yi lanƙwas, ƙasa ta tsattsage. Irin wannan tsagewar ta gani a shekarar da rijiyarsu ta ƙafe, mangwaro bakwai suka mutu a tsaye.

Ta rubuta wa Prasit cewa tana tsoron tsofaffin ba za su kai ba. Ya amsa a taƙaice, na'ura ta fassara mata: "Jira. Itatuwan nan sun girme ki." Ta kira Pascal sau uku, yana taro, wayar a kashe.

Hajiya Sahadatou ta fito daga kicin da kofin shayi, ta leƙa ta kafaɗarta.

"Ke, mi nike gani haka? Iccen ga mutuwa za shi yi."

"Da gangan ne, Gwaggo. C'est la méthode, haka ake yi. Sai ya ji ƙishirwa yake fure."

"Da gangan? Babu ruwa garin?"

"Akwai. Tafki guda ne cike."

Hajiya ta ajiye kofin a hankali. "Ga ruwa cike, ga icce na kuka, kuma ke ce riƙe da makulli? Ke, ɗiyar Chaibou? To Allah shi kyauta. Ni dai ban ga an kai mutum lakkwal, karatun boko, don shi koyo rashin imani ba."

Ta koma kicin abinta, ta bar Shamsiya da hoton. Da Gwaggo ce kaɗai ta faɗa, da ta yi dariya ta wuce. Amma abin da ke cin ta tun ranar farko ne aka faɗa da ƙarfi. Kwana sha uku tana jin kamar ita ce azzaluma. Ta ce wa kanta minti arba'in kawai, don dai saiwa ta jiƙa. Ta danna makullin tsofaffin. Jan allon ya soma komawa ruwan ɗorawa, ta ji wani sanyi a ƙirjinta wanda ta daɗe ba ta ji ba. Da arba'in ɗin suka cika ta ƙara wasu.

Bayan kwana goma sha biyu gaskiya ta fito fili. Itatuwa ɗari uku da arba'in sun fid da 'yan ƙwayoyin fure a jikin rassa, birjik. Tsofaffin sittin kuwa, waɗanda 'ya'yansu suka fi tsada a gonar, sun yi ado da sabon ganye shar, gwanin kyau, ba fure ko ɗaya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Ranar Litinin ta sauka daga jirgin ƙasa a Lyon, ta wuce ofis kai tsaye. Pascal ya kira ta ɗakinsa ya rufe ƙofa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ta fi samun sauƙi. Ya ce mai gonar ya fusata, yana barazanar soke kwangila, kuma kwangilar nan ita ce rabin kamfanin.

"Ni na buɗe," in ji Shamsiya. "Prasit ya ce in jira."

"Ban ji wannan ba," in ji shi. "Ki zauna."

Ya ajiye takardu biyu a gabanta. Ɗaya ita ce wadda ta yi wata biyar tana mafarki, ta tabbatar da aikinta, saura sa hannunsa. Ɗayar rahoto ne zuwa ga mai gonar. Ya bayyana mata cewa makullan nan ana iya murɗa su da hannu a can gonar, kuma abin da mai gonar ke iya gani bai nuna daga ina aka buɗe ba. Rahoton ya ce ma'aikacin gona ne ya buɗe bisa kuskure. Ba a ambaci suna ba, amma mutum ɗaya ne ke riƙe da makullan a can.

"In laifin namu ne, kwangila ta tafi," in ji Pascal. "In ta tafi, ba ni da gurbinki, ba ni da abin da zan sa wa hannu. Yaushe récépissé ɗinki zai ƙare?"

"Saura kwana goma sha tara."

"To kin gani."

"Prasit fa? Korar sa za a yi."

Pascal ya ɗaga kafaɗa. "Tsoho ne. Ƙila su yi masa faɗa kawai."

Ta san ƙarya ne, shi ma ya san ta sani. Ta yi tunanin jirgin komawa Niamey, da idon mahaifinta in ta shiga gida hannu rabbana bayan shekara shida. Ta yi tunanin dattijon da ya gaya mata gaskiya ta ƙi ji. Gaba kura, baya sayaki. Kunya ta rufe ta tun kafin ta taɓa alƙalamin, kuma kunyar ba ta hana ta ɗauka ba. Ta sa hannu a rahoton. Shi ma ya jawo ɗayar ya sa nasa, ya buga hatimi, ya miƙa mata.

"Barka," ya ce. "Yanzu kin zama tamu."

Ta miƙe da takardar a hannu. Har ta kama ƙofa ya tsayar da ita. Ya ce mai gonar ba ya yarda da takarda, ya fi son ya ji daga bakin wadda ke bin itatuwan kullum, kuma ya tara ma'aikatansa suna jira, har da tafinta. Ya juyo da allon wajenta, ya danna kira.

Hoto ya buɗe. Ga mai gonar a kan kujera a ƙarƙashin rumfa. A bayansa Prasit, siririn dattijo, na tsaye da hula a hannu, da ya hango fuskarta sai ya haɗa tafukansa a ƙirji ya gaishe ta da murmushi.

"Muna jin ki, madam," in ji tafinta. "Wa ya buɗe ruwan?"

Shamsiya ta ja kujera ta zauna, ta gyara murya.