Fankar da Sitt Insaf Ba Ta Saya Ba

Fikri ya yi furfura a kantin Hag Subhi da ke unguwar Shubra a Alƙahira, yana sayar da fanka da firji da rediyo da keken ɗinki. Dabararsa ɗaya ce tun yana saurayi: ya tare mai saye a bakin ƙofa, ya ɗura masa shayi, ya rantse da ran 'ya'yansa cewa wannan ce ta ƙarshe a duk Alƙahira. Da yawa kan saya don kawai su samu kansu.

Wata Alhamis Hag Subhi ya rufe kanti da wuri, ya sa aka rataya farin zanin gado tsakanin firji biyu, aka kunna majigin da kamfanin kayan ya aiko. Tsohon fim ne, baƙi da fari, duk ya kakkarce. Wani Ba'amurke da gashi ya sha mai yana ta washe wa wata mata haƙora, muryar Larabcin da aka ɗora masa tana biyo bakinsa a baya. "Kada ka tallata kaya," in ji shi. "Yi tambaya. Saurara. Gano abin da mai saye yake buƙata har cikin ransa."

"Wannan bai taɓa ganin 'yar Shubra tana taya kaya ba," in ji Zaglul mai kula da sito, yana hamma.

Fikri kuwa maganar ta zauna masa. Ya tuna duk rantsuwar da ya zuba a kantin nan, bai taɓa tambayar kowa komai ba.

Ran Asabar wata dattijuwar unguwar, Sitt Insaf, ta shigo tana fifita da jarida. Gwauruwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa.

"Fanka nake so, Ustaz Fikri. Waccan mai tsaye."

Fikri ya jawo mata kujera, ya washe baki irin na Ba'amurken. "Sitt Insaf, me ya sa kike son fanka?"

"Kai, lafiyarka? Zafi mana! Ko miya zan yi da ita?"

"To, yaushe zafin ya fi damunki?"

Ta yi kamar za ta zage shi, sai ta zauna. Da la'asar ne, in ji ta, lokacin da marigayi yakan dawo daga aiki. Daga nan bakinta ya buɗe. Ɗanta yana Kuwait, ya manta da ita. Matakalar bene ta cinye mata gwiwa. Ƙanwarta ta Iskandariya kullum sai ta ce ta dawo wurinta, ga ɗaki, ga iskar teku. Aka kira azahar tana magana. Can ta share hawaye ta miƙe.

"Wallahi ka yi gaskiya, ɗan'uwana. Ba fanka nake buƙata ba. Iskandariya zan koma."

Fikri bai ce komai mai kama da haka ba, amma ya raka ta har titi yana jin kansa wani babba.

Kafin ta tashi, sai da ta baza labari a unguwa. Wani direban tasi ya zo sayen firji, ya gano haushin surukinsa ne kawai yake ci masa rai, ya fita ya je neman sulhu. Wata malamar makaranta ta zo sayen keken ɗinki, ta tafi da niyyar karɓar auren da take ta ja wa rai. Kanti ya cika maƙil, ana layi a gaban kujerar Fikri, kaya kuwa ƙura ta fara hawansu.

"Fikri!" Hag Subhi ya daka tsawa daga bayan teburinsa. "Kanti na buɗe ko asibitin masu ciwon zuciya?"

"Hag, kai ka kawo fim ɗin."

"Ce maka aka yi ka gano buƙatarsu ka sayar musu!"

"Ai na gano. Ba mu da ita a sito ne."

Saura kaɗan Hag Subhi ya kore shi a ranar, sai ga wani ƙato ya faɗo kantin da rediyo a hammata, yana kumfar baki. Ko mako bai yi da saye ba, ta mutu. Kowa ya noƙe, aka tura masa Fikri.

"Sannu, babban yaya. Zauna. Me kake so ka ji a rediyon?"

Ƙwallo, in ji mutumin. Da mahaifinsa suke saurare a da, kafin su ɓata a kan gado. Bayan la'asar ya fita idonsa jajur, yana yi wa Fikri addu'a, matacciyar rediyonsa a hammata.

Hag Subhi ya bi shi da kallo har ya sha kwana. Washegari ya sa aka kai kujerar Fikri can ƙuryar kanti, aka rataya allo a kansa: Masu Dawo da Kaya. Ya hana shi kusantar duk wanda ya shigo da niyyar saye.

Nan Fikri ya ƙarasa shekarun aikinsa. Kayan Hag Subhi suka ci gaba da lalacewa kamar yadda suka saba, amma ba a sake jin kanti ya karɓi ko ɗaya da aka dawo da shi ba. Har kamfanin ya turo wani matashi mai kwat ya zo ya ga yadda ake yi. Fikri ya jawo masa kujera ya tambaye shi dalilin da ya sa ya zaɓi wannan aiki. Da wata ya ƙare saurayin ya ajiye aikin, ya koma ƙauyensu noman mangwaro.