'Yar Kabo

"Kashe motar nan, Sha'aban."

Alhaji Maharazu bai ma jira ƙanena ya kashe ba. Ya zura hannu ta taga, ya zare makullin da kansa, ya jefa a aljihun babbar rigarsa. Ni ina kujerar baya, kan mahaifiyar Alhajin, Inna Zinariya, yana bisa cinyata, mun tokare mata baya da matashin kai saboda ramukan hanya.

"Alhaji, wannan wane irin abu ne?" na ce. "Motar ƙanena ce, man ma ni na zuba."

"Rauda, ki kiyaye ni. Maƙwabtaka ba hauka ba ce. Tsohuwar da ko kunu ba ya wuce mata wuya za ki kwasa zuwa dajin Babban Mutum? In ta cika a hanya wa zai amsa?"

"Ni zan amsa. Ai ba sato ta na yi ba, ita ta roƙa."

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da na Inna tun ranar da aka kawo ni unguwar nan ina amarya. Ita ce mai wankan gawar mata. Duk macen da ta rasu a layinmu da na bayansa, ta hannunta ta bi, kuma ko goro ba a isa a miƙa mata ba. Ita ta wanke 'yata Yasmin lokacin da ƙyanda ta ɗauke ta, na kasa tsayuwa, ta ce in zauna in riƙa miƙo mata ruwa. Daga ranar na zama mai riƙe mata buta, har na iya aikin.

Kowa ya san ita 'yar Kabo ce, kowa kuma ya iya yin kamar bai sani ba. A ƙasar Daura har gobe akwai uwar da in yaro ya ishe ta da kuka za ta ce, "Yi shiru, ga Kabo nan!" Inna tana ji, a gidan biki ko a gidan mutuwa, ba ta taɓa ɗaga kai ba. Sai da ciwo ya kwantar da ita a daminar bana, ina shafa mata man zafi a ƙafa, sannan ta buɗe mini bakin da ta rufe tun tana yarinya.

Ta ce lokacin da Turawa ke ɗibar majiya ƙarfi zuwa haƙar kuza, mai gari ya ba da sunan ubanta. An jera su a igiya za a tafi, ya kwance ya faɗa daji. Daga nan bai ƙara kwana a ɗaki ba. Ya tara irinsa, suka riƙa tare fatake masu jakunan kanwa da gishiri da goro. In aka matsa musu a nan su tsallaka ƙasar Faransa, wato Nijar ta yanzu, in aka koro su daga can su dawo.

"Kada ki biye wa yaran nan masu cewa yaƙin Bature ya yi," in ji ta. "Ko hular Bature bai taɓa taɓawa ba. Talakawa irinsa ya tare, ya kuma kashe rai, ba ɗaya ba. Ɗan fashi ne, Rauda. Amma in ya zo gida a ɓoye, shi yake tsefe mini kai, don uwata hannunta zafi."

'Yan doka suka harbe shi, Bature ya ce a shimfiɗe gawar ranar kasuwa kowa ya gani. Ba wanka, ba likkafani, ba salla. Da yamma aka ja shi zuwa wani rami kusa da wata tsamiya a bayan garinsu, Babban Mutum. Inna ko famfara ba ta gama ba a lokacin. Washegari uwarta ta goya ƙaninta, ta ja hannunta suka shigo Daura, ba su sake waiwayar garin ba.

"Na wanke matan mutane har bayana ya lanƙwashe," ta ce, "nawa uban yana can kamar mushe. Ba na neman a yi masa salla, malamai sun ce lokaci ya wuce. A kai ni kawai in zauna a gefensa in ce masa na zo."

Abin da take so ke nan duk duniya. Ba Makka ta ce ba, ba asibitin Kano ta ce ba. Tafiyar da mai mota zai je ya dawo kafin la'asar.

To amma Alhaji Maharazu ɗan farinta ne, ita kuwa mutuniyar da ce, alkunya a jininta take. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda yake zaune, in ya shigo gaisuwa bango take kallo ta amsa. "Wancan" take ce masa. Saboda haka ni ta aika. Na je, na koma, na sake komawa, har takalmina ya san hanyar falonsa. Kullum amsa ɗaya: sai bayan taro, sai an ga yadda jikinta ya yi. Alhaji shi ne shugaban kwamitin tsaro na yankinmu, shi ake ji a rediyo yana cewa ɗan fashi ba shi da magani sai harsashi. Da na ga numfashinta ya fara sama-sama, na ce wa Sha'aban ya bar lodin Zango na ranar ya zo da mota. Ashe wani ɗan gulma ya riga ya buga wa Alhaji waya.

Kafin ka ce kwabo layi ya cika. Masu shago sun fito, matan aure suna leƙe ta kan katanga. Izunna mai sayar da kayan gyaran babur, wanda Inna ke aika wa tuwo duk salla, ya tsallako titi yana goge hannu da tsumma.

"Alhaji, haba mana. Mama tana so ta tafi, ka bar ta ta tafi. In mota ta lalace ni zan bi su."

Alhaji ko kallonsa bai yi ba. Ya sunkuyo ta tagar da nake, ya rage murya.

"Ke mace ce mai hankali, Rauda. Kin san halin da ƙasa take ciki. Shekaranjiya aka kwashe shanun mutane, an kashe makiyayi. Ni nake tsayawa gaban jama'a ina cewa a kama su. Yanzu waya a hannun kowa take. A ɗauki hoton uwata a kan kabarin Kabo, a ce jikan ɗan fashi ya aika ziyara? Akwai masu jiran wannan ranar tun da aka ba ni kujerar nan."

"Kujera!" na ce. "Wallahi Alhaji ka ji kunya. Kujerar ce ta yi naƙudarka?"

"Ki iya bakinki."

"Ba zan iya ba. Mutumin nan ya mutu tun kafin a haife ka, ƙashinsa ma ya zama ƙasa. Shi kake tsoro, ko 'yan waya?"

Sai na ji kan Inna ya motsa a cinyata. Ta buɗe ido, ta juyo da fuskarta wajen taga, ta dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da na san su.

"Maharazu."

Muryar ba ta fi ta ɗan tsako ba, amma duk wanda ke kusa da motar ya ji. Sha'aban ya dafe sitiyari ya sunkuyar da kai. Wata tsohuwa a kan katanga ta ce, "La'ilaha illallahu." Alhaji, mutum mai furfura da jikoki, ya tsaya baki buɗe.

"Ban taɓa kiran sunanka ba," in ji ta. "Ban taɓa roƙonka ko allura ba. Yau na kira. Ba yaron nan makullinsa."

Na rantse da Allah na ga hannunsa ya shiga aljihu. Na ji ƙarar makullin. Idonsa ya kawo ruwa, na ce a raina shi ke nan, an gama. Sai ya ɗago ya dubi layin. Wasu samari biyu a gindin dalbejiya sun ɗaga wayoyinsu. Ya fito da hannun ba komai a ciki, ya gyara hula.

"A shigar da ita gida," ya ce. "Rana ta yi zafi."

Ban san abin da na faɗa masa bayan nan ba. An ce na ce masa abubuwan da mace ba ta faɗa wa namiji a titi, kuma ban janye ko ɗaya ba. Ni da Sha'aban muka ɗauke ta, ba ta fi damin kara nauyi ba. Da muka kwantar da ita ta juya ta fuskanci bango. Na kawo kunu, ta ƙi. Na ce, "Inna, gobe da sassafe za mu sake gwadawa, ko a bayan babur ne." Ta laluba ta kama yatsana ta matse. Alhaji ya shigo da yamma ya durƙusa a bakin ƙofa yana "Sannu Inna, sannu Inna," ita kuwa ta koma yadda ya saba ganinta, bayanta kawai ya samu.

Washegari bayan azahar ta cika. Ni na wanke ta, da butarta da sabulunta, yadda ta koya mini: a fara da dama, a tausasa hannu, a rufe abin da ya kamata a rufe. Na tsefe mata ɗan gashin da ya rage na yi mata kitso uku. Ina yi ina kuka, kuma ba kukan rashi kaɗai ba ne, rabinsa baƙin ciki ne da takaici.

Jana'iza kuwa ta yi jama'a, motoci har bakin titi. Sha'aban ya ba ni labarin cewa a wurin zaman makoki wani baƙo ya tambayi asalin marigayiya, Alhaji ya ce 'yar wani bafatake ce daga arewa. Aka yi ta "Allah sarki, Allah ya jiƙan magabata." Dattawan unguwa da suka san gaskiya suna zaune suna jan carbi, ba wanda ya yi ko tari. Da yamma ya aiko mini da buhun shinkafa da turmin atamfa, wai ladan ɗawainiya. Na ce wa ɗan aiken ya mayar, ya gaya masa gidanmu ba a cin shinkafar toshiyar baki.

Bayan sadakar uku na kasa zama. In na shiga ɗakina sai in ji kamar za ta ƙwanƙwasa katanga ta ce in zo. Na ce wa Sha'aban ya kai ni, ko ban samu kabarin ba in dai ga tsamiyar.

Mun bi hanyar Baure, gero ko'ina ya fitar da kai. A Babban Mutum muka tambayi wani tsoho mai sayar da igiya, ya dube mu sama da ƙasa kafin ya nuna mana wata 'yar hanyar shanu. Muka bar mota muka taka. Tsamiyar tana nan, rabinta ya bushe, gona ta kewaye ta. Wani magidanci yana cikin geron yana jan igiyar gwangwanaye yana korar tsuntsaye. Muka yi sallama, ya ce sunansa Mahdi. Na rasa ta inda zan fara, sai kawai na ce wani tsohon kabari muke nema.

"Na Kabo?" ya ce, kamar na tambaye shi hanyar rijiya. "Ku biyo ni."

Ya ratsa da mu cikin geron yana ture karan da hannu. Can tsakiya sai ga wani ɗan fili da ba a nome ba, tsawon mutum, an jera masa duwatsu a kewaye, an cire ciyawar gefe tas.

"Wa ya gyara shi haka?" na ce.

"Mai gonar. Wani Alhaji ne a Daura, Maharazu. Tun ina saurayi ya saye ta, ni nake noma masa. Ya ce in nome ko'ina, amma ranar da garma ta taɓa nan, ranar zan bar gonar. Duk shekara kafin azumi yakan zo shi kaɗai, ya bar mota can nesa, ya zauna nan ya daɗe. Duwatsun ma da hannunsa ya jera." Ya dube ni. "Hajiya, lafiya? Ko 'yan'uwansa ne ku?"

Na tsaya ina kallon duwatsun. Shekara da shekaru Alhaji yana zuwa nan, ya koma Daura da ƙasar wurin a takalminsa, ya durƙusa a ƙofar uwarsa ya ce sannu, bai taɓa cewa, Inna, ubanki yana nan, na killace shi ba. Kalma ɗaya da ta ishe ta ta mutu da sanyin zuciya. Na so in yi ihu har a ji a Daura. Sha'aban ya cire hularsa ya juya mana baya.

Na tattara zanena na zauna a gefen duwatsun, wajen da nake zaton nan ne kai.

"Kabo," na ce, "Zinariya ce ta aiko ni. Ta taso, har ta shiga mota."

Na ɗora tafin hannuna a kan ƙasar. Mahdi ya koma bakin aikinsa. Can na ji gwangwanayen sun yi ƙara, tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya, suka kewaya tsamiyar, suka sake sauka a ɗaya gefen gonar.