Sunan Rayayye a Kan Furen Gawa

Bang Sun-rye ta fito daga ramin jirgin ƙarƙashin ƙasa a unguwar Guro ta birnin Seoul tana haki, ƙunshin abinci a hannun dama, waya a hagu. Ta sake danna lambar ɗanta. A kashe, kamar jiya, kamar shekaranjiya.

"Za ka gamu da ni yau, Ju-hwan," ta ce wa wayar.

Masifar a baki kawai take, a tsorace take tun a Mokpo, garinsu na bakin teku, inda ta bar rumfarta ta busasshen kifi a hannun maƙwabciya ta hau motar Seoul. Ju-hwan shi kaɗai ta haifa. Tun da teku ya tafi da ubansa, yaron bai taɓa kwana bai kira ta ba, ko da kuwa ya ce, "Umma, kin ci abinci?" ya kashe. Ranar Asabar ta tura shi ganin 'yar mai kemis ɗin unguwarsu, yarinya mai natsuwa da ke aiki a Seoul, ta zauna jiran labari mai daɗi. Daga nan shiru. Ita kuwa ta sha gani a talabijin yadda kamfanonin birni ke cinye 'ya'yan mutane, a tsinci saurayi a kan tebur ya yi sanyi.

Abin da ta sani game da aikinsa bai taka kara ya karya ba. Edita ne a wani kamfani mai sakin labarai a waya, babi-babi. Ko layi ɗaya ba ta taɓa karantawa ba. A ganinta ƙarya ce kawai aka yi wa kwalliya.

Ƙamshin ne ya fara tarar ta kafin ta sha kwana. Ta san shi, duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san shi. Ga su nan jere a gaban ginin kamfanin, daga ƙofa har bakin titi: dogayen furannin ta'aziyya farare sol a kan ƙafafunsu na katako, kowanne da dogon ƙyalle yana lilo a iska. Mata tsaitsaye a gefe, wasu da baƙaƙen kaya.

"Ashsha, wani babba ya rasu," ta ce a ranta. Ta matsa ta karanta ƙyallen farko.

*Maeng Ju-hwan, ka huta lafiya.*

Ta murje ido, ta duba na biyu. *Ku dawo mana da Maeng Ju-hwan.* Na uku: *Wanda ya kashe Maeng Ju-hwan ya fito ya yi bayani.*

Da a ce Kim ne ko Park, da ta ce ai suna linzami ne, kowa da nasa. Amma Maeng nawa ne a ƙasar nan, balle Maeng Ju-hwan a ƙofar wannan gini? Ta zube a kan daɓe, ƙunshin ya faɗi gefe.

Matan suka yo kanta. Wata mai tabarau, da katin aiki rataye a wuya, ta tallafo ta tana yi mata fifita da hannu. Tak Hye-suk sunanta, ita ce ta tara jama'ar.

"Sannu Mama, sannu. Mu ma haka muka yi ranar da muka gani. Ni a cikin bas na fashe da kuka, har direba ya tsaya."

"Yaushe?" in ji Sun-rye.

"Lahadi."

"Ciwo ne? Aikin ne ya kashe shi?"

"Ina fa ciwo! Harbi ne, Mama. A kan gada."

"Harbi? Me ya kai shi gada?"

"Ceton Dakta Seol ya je yi mana," in ji wata mai kayan nas, tana jan hanci. "Mutumin da ya yi ta zagaye-zagaye bai iya ce mata yana sonta ba, sai ranar ya faɗa, kuma ya tare mata harsashi da ƙirjinsa. Ya faɗa kogi. Ko gawar ba a gani ba."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta tsinka ta. Haka aka ce mata a bakin tashar ruwa wancan karon, haka aka yi jana'izar mijinta da akwati babu kowa a ciki. Sun-rye ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu irin na matan bakin teku, wanda ke ratsa iska ya isa jirgi.

"Wayyo ni! Ni na haife shi! Ni na goya shi a kasuwa! Kowa ya sani, an kawo fure, babu wanda ya kira uwarsa!"

Matan suka kalli juna. Wata ta raɗa wa ta kusa da ita, "Tabɗi, wannan ta fi mu nisa."

Hye-suk ta gyara tabarau. "Mama... babi nawa kika kai?"

"Babin me?"

"Na shiga uku," in ji Hye-suk, ta durƙusa sosai. "Mama, ki saurare ni. Sufeto Maeng Ju-hwan mutumin cikin labari ne. *Gadar Ƙarshe*, wanda kamfanin nan ke saki. Labarin Seoul ne nan da shekara ɗari, ruwa ya cinye rabin gari, 'yan sanda na yawo a motocin sama suna farautar masu kisa. Marubuciyar ce ta kashe mana shi, mu kuma muka kawo fure."

To, haka mutanen garin nan suke. In kamfani ya ɓata musu rai ba sa jifa, ba sa zagi a titi. Waya za su ɗauka su kira mai fure, a jera wa kamfanin furen gawa a ƙofa, kowa ya wuce ya gani. A Mokpo kuwa ba a kai wannan fure sai inda aka yi rashi.

"Ƙarya kike," in ji Sun-rye, amma ta damƙe hannun matar kamar za ta karya shi. "Ɗana a nan yake aiki. Edita ne."

Maigadin ginin, da ya matso tun jin ihun, ya sosa ƙeya. "Edita Maeng na hawa na tara? Ai ɗazun nan ya sauko ta ƙofar baya ya sayi taliya. Da silifas ma."

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Hye-suk ce ta biyo ta da gudu ta cusa mata ƙunshin kafin ƙofar lif ɗin hawa bene ta rufe.

A hawa na tara, Ju-hwan na tsaye a bakin wani ɗakin taro, gashi a hargitse, riga a yamutse, ga silifas ɗin kuwa. Ya juyo.

"Umma? Me kike yi a..."

Ta sauke masa tafi a gadon baya, tas, har na tebur na ƙarshe ya ɗago kai. Ta ƙara masa. Sannan ta kama wuyan hannunsa ta riƙe, tana jin jijiyar na bugawa a ƙarƙashin yatsunta, hawaye na zuba ba ta share ba. Daɗin da ta ji ya yi mata yawa har ya koma kamar ciwo.

"Ɗan banza. Ɗan banza mara tausayi. Waya fa?"

"Umma, masu karatu ne suka samo lambata. Kira ba dare ba rana, wata ta zage ni, wata ta yi min kuka. Dole na kashe. A nan ma nake kwana, muna ta roƙon marubuciyar ta gyara babin, ta ƙi." Sai ya dubi taga, fuskarsa ta sauya. "Ta gaba kika shigo? Kin ga... Wayyo, Umma."

"Ina marubuciyar take?"

Tana cikin ɗakin taron, a ƙuryar tebur, 'yar siririya ta ja hula har gira. Ok Ye-rim sunanta. Ta zabura ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa tebur.

"Ke ce kika kashe min ɗa?"

"Ki gafarce ni, Mama. Ban taɓa zaton..."

"Sunaye sun ƙare a duniya ne?"

"Lokacin da na fara, babu mai karanta min sai shi," in ji Ye-rim, idonta a ƙasa. "Na ari sunan, ya ce ba komai."

"Suna ne kawai, Umma," in ji Ju-hwan.

"Kai yi min shiru." Ta ja kujera ta zauna, har yanzu hannunsa na cikin nata. "Wane irin mutum ne shi sufeton, da mata ke kuka a kansa kamar an yi musu rashin miji?"

Ye-rim ta ce, "Ba shi da yawan magana. In ya yi ƙarya sai ya sosa kunnen hagu. Yana tsince albasa daga miya ya tara a gefen kwano. Ko yana tsakiyar bin mai kisa, sai ya tsaya ya kira uwarsa ya ji ko ta ci abinci."

Sun-rye ta dubi yarinyar, ta dubi ɗanta. Shi ko a jikinsa, yana tsaye kamar turmi. Wanda ya shekara yana duba wa mutane labarin soyayya, a ce bai ga wannan ba? Kai, wani karatun ma asara ne.

"Ranar Lahadi kika kashe shi, ko?"

"E."

"Kai kuma ka gaya mata inda za ka ranar Asabar?"

"Na gaya mata mana. Na ce ba zan samu duba babi ba, Umma ta haɗa ni da wata."

Kunnuwan Ye-rim suka yi ja wur a ƙarƙashin hular. Sun-rye ta sauke ajiyar zuciya. Ashe ita ma uwar da hannunta a cikin kisan.

"To yaya kuka yi da 'yar mai kemis?"

Ya kai hannu kunnen hagu, ya tuna, ya sauke. "Ba ta ƙarasa shan shayinta ba ta tafi. Wai tun da muka zauna ba ni da zance sai na *Gadar Ƙarshe* da mai rubuta shi. Ta ce in je in auri littafin."

Hular ta ɗago a hankali.

"Je ka nemo min almakashi," in ji Sun-rye. "Babba. Kada ka yi sauri."

Da ya fita, ta kwance ƙunshin. Ƙaguwa a ruwan waken soya, tsimammen kabeji mai yaji na bara, wato kimchi, soyayyen kifi, shinkafa da sauran ɗuminta. Ta tura gaban yarinyar, ta ɓare ƙaguwa ta ɗora mata a kan shinkafar.

"Ci. Dubi wuyanki kamar na zakara." Ta jira har ta kai loma. "Ke ba ki da baki ne? Kin iya sa mutum ya yi magana a kan gada ana harbi, ke kin kasa faɗar kalma ɗaya a ɗaki mai sanyi? Wancan da kike gani, sai an karanta masa da babbar murya yake ganewa. Ubansa ma haka yake."

Ye-rim ta yi dariya, hawaye ya ɗiga a cikin shinkafar. "Na riga na saki babin, Mama. Kowa ya karanta."

"An ce ba a ga gawa ba."

"Ba a gani ba."

"To." Sun-rye ta goge yatsunta. "Ni na san jiran wanda ruwa ya tafi da shi. Na daɗe ina ajiye masa kwanonsa. Nawa bai dawo ba, don ba ni da iko da teku. Ke kuwa kogin nan naki ne, ke kika haƙa shi. Fito da shi."

Yarinyar ta share hawayenta. Ta ci wata lomar, ta jawo kwamfutarta kusa da kwanon, ta buɗe murfin.

Da almakashi a hannu Sun-rye ta sauko, ta ƙofar gaba. Labari ya riga ta isa, don maigadi ba ya iya riƙe zance. Matan suka jeru suka sunkuya mata gaba ɗaya.

"Surukarmu ta fito!" in ji mai kayan nas.

Aka bushe da dariya, har da ita. Ita da ta gaji da roƙon suruka ɗaya, yau ga su nan cike da titi.

"Ku ji nan, 'yan nan. Furenku na nan, ku yi fushinku yadda kuke so. Amma a gidanmu ba a rataya sunan rayayye a furen gawa."

Ta kama ƙyallen farko ta datse sunan. Babu wadda ta hana ta. Hye-suk ta riƙe mata ƙafar furen, wasu suka shiga kwance na sama waɗanda hannunta bai kai ba, suna ba ta haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Ta shimfiɗa zanen da ta ƙunso abinci, tana tara guntayen a ciki.

"Mama," in ji Hye-suk ƙasa-ƙasa, "don Allah, zai tashi?"

"Tana cin abinci. In ta ƙoshi ma gani."

Ta ɗaure zanen tam, ta rungume shi a ƙirji. Sai wayarta ta yi ƙara a aljihu. Ta ciro. Ga sunan nan yana haske a fuskar wayar, daga hawa na tara, kuma ta san tambayar da zai yi.

Ba ta ɗauka nan take ba. Ta tsaya a tsakiyar fararen furannin tana kallon sunan, ta bar shi ya yi ta ƙara.