Zinaren Sojojin Japan

Kwana goma sha ɗaya muna haƙa rami a bayan gidanmu. Ƙanin babana, Tiyo Berting, ya sayo taswira a kasuwar Bambang, wai nan sojojin Japan suka binne zinare kafin su gudu kan tsaunuka a ƙarshen yaƙin duniya. A lardinmu kowane gida akwai mai irin wannan ciwon. Ni ke shiga ramin, don ni ne siriri.

Da hantsi diga ta daki ƙarfe.

"Me na ji?" in ji Tiyo daga sama. "Dodoy! Akwati ne?"

Na share laka da hannu. Abu ne dogo, mulmulalle, duk tsatsa. Rabinsa a cikin bango, rabinsa ƙarƙashin ƙafata ta hagu.

"Ƙara masa ɗaya, ragon banza! Makarantar nan ta cinye maka ƙwanji."

Na ɗaga diga. Sai inuwa ta rufe bakin ramin. Kakata ce, Lola Ensang, da faifan shinkafa a hannu.

"Tsaya, jikana. Yaya kamarsa?"

"Kamar kututturen ayaba, Lola."

"Shafa ƙarshensa. A hankali."

Na shafa. "Akwai fukafukai. Huɗu."

Na ji shinkafa na zubo mini a ka.

"Irinsa jiragen Amurka suka yi ta zubo mana shekarar da na haifi ubanka," ta ce. "Guda ɗaya ya tashi da coci, har da mutanen ciki. Wannan bai fashe ba tukuna."

Na dubi ƙafata a kan ƙarfen.

"Haba, Inay," Tiyo ya ce wa uwarsa, yana dariya. "Ai alama ce! Da gangan suke ɗora shi a kan dukiya. Dodoy, ɗan ture shi gefe mu gani."

"Berting, ka sake buɗe baki, da hannuna zan tura ka ciki. Jefa masa igiya."

"Ga tsani nan."

"A kan me tsanin yake tsaye, sakarai?"

Na duba. Ƙafar tsanin gorar tana kan wutsiyar abin. Sau nawa na hau na sauka a kansa yau?

Igiya ta sauko. Na ɗaura a ƙirji, na jingina diga da bango kamar mai kwantar da jariri.

"Kada ka dogara da ƙarfen nan," in ji Lola. "Mu za mu ɗaga ka."

Tsohuwa mai shekara saba'in da mutumin da bai so ba. Suka ja. Ƙafata ta rabu da ƙarfen. Ƙasa ta gutsuro daga bango, ta zuba a kansa, tif, tif. Na ƙirga numfashina har goma sha tara.

Na faɗo kan ciyawa. Tiyo bai dube ni ba, ramin yake leƙe.

"Da ka ɗan tona ƙarƙashinsa..."

Lola ta kama wuyan hannuna ta miƙar da ni.

"Je ka kira mai unguwa. Ka ce a fitar da yara daga layin nan."

Na tafi. Gudu ya ƙi, sai tafiya.