Hancin Masahudu

Tun da korona ta kwantar da Masahudu bara, hancinsa ya zama ado kawai. Ba ya jin ƙamshi, ba ya jin wari, kuma bai gaya wa kowa ba, har matarsa Nasiratu. Shi a ganinsa namiji ba ya kai ƙarar hanci.

Ranar da Ghana za ta buga ƙwallo da Koriya, sun gayyaci 'yan'uwa 'yan Zangon Ghana su zo kallo a gidansu na unguwar Bin Mahmud. Kaji sun sha yaji suna jira, tsohuwar tandar gas kuwa ta ƙi kamawa. Can ƙasanta akwai 'yar ƙaramar wuta da ake fara kunnawa kafin babbar ta tashi, ita ce ta mutu.

"Je ki shirya, yanzu zan gyara," ya ce wa Nasiratu.

Ya durƙusa ya danne maɓalli, ya latsa abin tartsatsi. Ƙas, ƙas, ba wuta. Ya jijjiga tukunyar gas, da nauyinta. Ya sa allura ya sosa 'yar ƙofar da iskar ke fita, ya sake dannewa. Da haushi ya ci shi sai ya murɗe maɓallin har ƙarshe, ya tashi neman ashana. Tagogi a rufe, talabijin na ta ihu, gas yana ta cika kicin, shi kuwa bai sani ba.

Ya samo ashana, ya zaro tsinke. Daidai nan Nasiratu ta fito daga ɗaki da kaskon turaren wuta, garwashi jajir, za ta turare gida kafin baƙi su iso. Sai ta tsaya cak.

"Baban Rahmat," ta ce a hankali, "kar ka ƙyasta."

Ta ja da baya zuwa banɗaki, ya ji garwashi ya mutu a ruwa. Ta dawo da mayafi a hanci, ta rufe tukunyar gas, ta buɗe tagogi. Sai a lokacin tsoro ya kama shi.

"Ni daga ƙofa na ji wari, kai kana tsaye a cikinsa. Ba ka ji ba?"

Ya girgiza kai.

"Tun yaushe?"

"Tun da na fito asibiti."

Ta daɗe tana kallonsa. Ya zaci faɗa za ta yi, ya ma fi son hakan, amma idanunta ne suka cika.

"To turaren da nake sa maka kullum, kana ce mini ya yi daɗi fa?"