Dogon Malam Bulus da Batir Huɗu

A daminar 1996 soyayya ta kama Malam Bulus, malamin kimiyya a wata sakandare a Haɗeja, kamun da ambaliya take yi wa gonar bakin kogi. Wadda ta yi masa wannan aika-aika Dibora ce, mai buga tafireta a ofishin gona, 'yar Baba Dauda, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya ya rungumi noman shinkafa a fadama.

Da Bulus ya je gaisuwa, tsohon bai tambayi asalinsa ba. Cewa ya yi, "An ce kana ƙera mutum-mutumi mai motsi. To ga tsuntsayen jan-baki nan sun fara sauka. Ran Asabar ka kawo shi gonata. In ya kori tsuntsu, ka turo manyanka. In bai kora ba, ba na ba da 'ya ga mai wasan yara."

Mutum-mutumin, wanda Bulus ya raɗa wa suna Dogo, gora ce sanye da tsohuwar kwat. A kafaɗunsa akwai 'yan motocin lantarki biyu da aka ciro daga matattun rediyo masu kaset, su ke kaɗa hannuwan da aka rataya wa gwangwanaye. A ƙirjinsa kuma 'yar ƙwaƙwalwar lantarki ce mai ƙafafu kamar kyankyaso, wadda abokinsa ya aiko masa daga Jos, ita ke ba motocin umarni duk bayan minti biyu. Makon jiya lafiya lau yake aiki. Yanzu kuwa da an kunna shi sai hannu ya ɗan zabura, fitilar ƙirji ta ɗauke, ƙwaƙwalwa ta manta abin da take yi, ta koma farko.

Kwana uku Bulus yana fama a tsakar gidan da yake haya. Ya warware wayoyi ya sake liƙe su da dalma. Ya musanya motar dama da ta hagu, ya ɗiga musu man keken ɗinki. Ya zargi danshin damina, ya zargi abokinsa na Jos, har ya fara rubuta masa wasiƙa mai zafi. Batir huɗun da ke ba Dogo wuta kuwa sau goma yana ciro su yana ɗora musu mitar auna wuta, allurarta tana miƙewa tsaf.

Ran Juma'a da la'asar Dibora ta biyo daga ofis. Ta ɗauki batir ɗaya ta juya shi.

"Malam, wannan shatin haƙori ne fa."

"Dibora, don Allah. Na auna su."

"A cire ka auna. Jaki a turke ai kowanne ƙaƙƙarfa ne, sai an ɗora masa buhu. Ka auna yana jan motar mana."

Bulus ya yi murmushin da yake yi wa 'yan aji ɗaya. "Ke dai ki riƙe tafireta. Wannan sai wanda ya karanta."

Daga bakin murhu Iya Yakaka, mai gidan, ta sa baki ba a tambaye ta ba. "Ni na canza su, ɗana. Naka sababbi suna cikin rediyona, ina jin gaishe-gaishe. Waɗannan ma ai na shanya su a kan kwano kwana biyu, na ciccije su. Garau suke."

Mai hankali da a nan ya yi dariya ya ba da haƙuri. Amma Bulus ya riga ya yi kwana uku yana gumi, kuma zuciyar mai ilmi ba ta son ciwonta ya zama ƙarami. Ya ce batir ba ya cikin lissafi, tunda mita ba ta ƙarya. Matsalar tana can cikin wayoyi.

Asabar da hantsi manoma suka taru a kan kunyar gonar Baba Dauda. Shinkafa ta sunkuyar da kai, jan-baki suna juyi a sama kamar hayaƙi. Bulus ya kafa Dogo, ya kunna. Hannu ya zabura, ya tsaya. Wani ya ce, "Gaisuwa yake yi musu."

Sai ga Dibora ta ratso laka da takalmin ofis, ta buɗe jakarta, ta zuba sababbin batir huɗu a ƙirjin Dogo, ta koma gefe.

Dogo ya tashi haiƙan. Gwangwanaye suka kaure da ƙara, tsuntsaye suka watse har hayin kogi. Manoma suka ɗau shewa. Bulus ya ji duniya ta yi masa daɗi kamar ranar da ya fara ganin Dibora.

"Me ya same shi da farko?" in ji Baba Dauda.

Bulus ya gyara wuyan riga. Ya yi bayanin dalma da wayar ƙasa da daren da ya ɓata yana nazari, yana haɗawa da Turanci.

"Mun dai ga yarinyar nan ta taɓa shi," in ji wani manomi.

"Laka ta goge masa," Bulus ya ce yana dariya. "Mata da lantarki ina aka haɗu?"

Wasu suka taya shi dariyar. Dibora ta dube shi, duba mai tsawo. Ta sake ratsa lakar, ta buɗe ƙirjin Dogo, ta ciro batiranta ɗaya bayan ɗaya ta mayar jaka, ta hau kunya ta nufi gari. Dogo ya ƙame da hannu ɗaya a sama.

"Dibora! Wasa nake yi!"

Ko waiwaye ba ta yi ba.

Baba Dauda ya karkaɗe hularsa ya mayar a ka. "To Malam, ni kam na ga ya kori tsuntsu, na kuma yarda. Sai dai ba ni za ka aura ba."