Takabar Mastura da Rufin Hindawiyya

Gidaje huɗu ne a unguwar Hindawiyya ta Jidda, jere, bango ɗaya, rufi ɗaya. Matakalar hawa rufin kuwa a tsakar gidan Mastura take, wanda ya gina su haka Allah dai ya yafe masa.

Na'ibi ne wakilin masu gidajen, shi ke kula da gyara. Rufin ya tsage, sai ya tara maza suka yanke a zuba siminti kafin ruwan hunturu. Ba a tambayi Mastura ba, don mijinta Rafi'u bai daɗe da rasuwa ba, tana cikin takaba.

Ranar da magini, Mu'allim Abdulghaffar, ya sauke buhunan siminti a lungu, sai ya tarar da ƙofar Mastura a kulle.

Na'ibi ya ƙwanƙwasa. "Yaya Mastura, wucewa kawai za su yi."

Daga bayan ƙyaure ta ce, "Baƙon namiji ba ya shigo mini sai na fita takaba."

"To mu kafa tsani ta waje."

"Su tsaya a kaina suna leƙen tsakar gida? Halas, magana ta ƙare, Malam Na'ibi, ku jira."

Su kuwa mutane suna jira, siminti ba ya jira. Raɓar Jidda ta shige shi, buhunan suka zama duwatsu. Abdulghaffar ya tafi mahkama, wato kotu, Na'ibi ya ba da shaida cewa ita ta hana aiki, aka ɗora wa gidanta hajzi, wato in ba a biya asarar ba gidan ne zai biya. Sau biyu ana aiko mata sammaci. Ba ta je ba, ina mai takaba ina mahkama? A ranta ba taurin kai take yi ba, haƙƙin Rafi'u take saukewa, kuma ta ɗauka kowa ya san haka.

Da kwanakin suka cika ta yi wanka, ta sa sabon mayafi, ta share matakalar tas. Ta dafa shinkafa da kifi tukunya guda saboda ma'aikata, ta buɗe ƙofa, ta aika a ce wa Na'ibi yalla, su zo.

Suka zo su uku, Na'ibi da Abdulghaffar da wani, babu ko cebur. Na ukun dillalin mahkama ne, mai sayar da gidajen da aka ɗora wa hajzi. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce abincin ya yi ƙamshi, sannan ya fara auna ɗakin Rafi'u.